Ranar da Gado Ya Sakar Mini Jiki

Ni ne na yi laifi, kuma na san laifi ne tun kafin alƙali ya ɗaga hannuna. Na karya wa Gado kafaɗa a filin kokawa na Ƙonni a lokacin da ya sakar mini jikinsa bisa amana, sannan na shafe shekara ashirin da biyu ina gaya wa mutane da ƙarfina na kada shi.

Sunana Iro. A wani ƙauye yamma da Dogarawa aka haife ni. Lakwal, wato makarantar boko, a aji shida na tsaya, don haka kada a nemi rubutun malamai a wurina. Na yi kokawa shekara goma sha biyar. Na kama wa ƙauyenmu, na kama wa Ƙonni, na kuma shiga cikin waɗanda suka kama wa jihar Tawa. Ina rubuta wannan ne saboda samarin da nake horarwa yanzu, da ƴan kabu-kabu da ke kallon kokawa a salula a bakin tasha suna cewa ai ƙarfi ne kawai da laya.

Aikin farko da Baba Nomau ya sa ni shi ne tsintar ƙaya. Tsohon ɗan kokawa ne na garinmu, yana da fili bayan gidansa wanda aka zuba wa yashin ƙorama, an kwaso shi a kan jakuna. Kowace la'asar sai na durƙusa ina tona yashin da yatsu, ina fitar da ƙarangiya da tsakuwa da fasasshiyar kwalba. Damina guda da kaka guda na yi a haka, ban kama kowa ba. Da ya ga ban gudu ba sai ya koya mini tsayuwa. In sunkuya, ƙafafu a buɗe, nauyi a tafin ƙafa, shi kuma yana zagaya ni da karan dawa yana tunkuɗa ni ta inda ban zata ba. Bayan tsayuwa sai faɗuwa. Wata uku ana jefar da ni don in koyi naɗe hannu da sunkuyar da haɓa, in sauka a kan gefen baya maimakon kan kafaɗa. Ku riƙe wannan, domin mutum yana shirya wa faɗuwa ne in ya san za a jefa shi. Wanda bai zata ba, duk inda ƙasa ta same shi nan zai karye.

Kayan aikinmu ba su da yawa, amma kowanne yana son kula. Walki na fatar akuya ne, majemi ke gyara shi, kai kuma ka riƙa shafa masa man shanu, in ba haka ba ya bushe ya yanka maka cinya. Ƙullinsa a baya yake, kuma akwai yadda ake ƙulla shi don kada abokin karawa ya sami wurin sa yatsa. Farce a yanke yake kullum. Kafin a kama, a murza yashi a tafin hannu saboda gumi. Layu da guru da gorar rubutu kowa yana da nasa, ni ma na ɗaura, kuma ba zan ce ba su da amfani ga zuciya ba. Amma na ga wanda ya shigo da layu har gwiwar hannu, wani siririn ɗan Alela ya taɗe shi kafin makaɗa su gama kiransa.

Masu kiranmu kuwa su ne masu gari da ƴan kasuwa. Da an gama yankan gero an ɗaure dammuna, sai saƙo ya fara zuwa: ranar kaza akwai kokawa a gari kaza. Mu tafi a amalanke, ko a bayan motar albasa, wani lokaci har mu ƙetara iyaka wajen Sakkwato. Abin da ake samu turmin atamfa ne, ko bargo, ko buhun gero, in gari mai arziki ne rago. Ba da shi ake ci da gida ba. Dukanmu manoma ne, kokawa tana zuwa ne bayan rumbu ya cika.

Akwai abu guda da ba a gani a salula, shi ne gwaji. Ba yadda za ka koyi ɗaukar mutum sai an sami mutumin da zai ba ka aron jikinsa, ya saki ƙarfinsa, ya bari ka ɗaga shi ka sauke sau hamsin a yini har hannunka ya gane hanya. Wanda ya ba ni nasa shi ne Gado. Ya girme ni da shekara shida, shi ne babban almajirin Baba Nomau a kokawa, gajere ne mai faɗin ƙirji, ba ya yawan magana. Shi ya koya mini kamun cinya: ka nutsa kamar za ka kama ƙugu, ka zarce ƙasa, kafaɗarka ta shiga cikinsa, ka miƙe da shi. Shekara huɗu yana tsaya mini. In na yi kuskure ya ce, "Sake, ƙanena. Da ƙafa aka ɗauka, ba da baya ba." A lokacin an san Gado da abu guda: bayansa bai taɓa taɓa yashin Ƙonni ba. Makaɗa suna ce masa kututturen gawo, sai dai a zagaya ka.

To, muna da al'ada, kuma a kanta laifina yake. Ƴan gida ɗaya ba sa kada juna. In ƙuri'a ta haɗa mutum biyu da suka fito daga hannun maigida ɗaya, sai maigidan ya zaɓi wanda zai wuce, ɗayan ya yi abin da muke kira saki. Za su shiga su ɗan yi kame-kame don ƴan kallo, sannan mai sakin ya bar cinyarsa a buɗe. Mai wucewa ya kama, ya sauke shi a hankali har gwiwa da hannu su taɓa yashi, ya ɗaga shi ya rungume. Duk wanda ya san kokawa zai gane, ba abin kunya ba ne, kuma makaɗa ba sa lissafa shi a kaye. Kirarin mai sakin yana nan yadda yake.

A shekarar da nake magana, yankinmu na Malbaza bai rabu da Ƙonni ba, dukanmu Ƙonni muke zuwa a tace waɗanda za su tafi Tawa. Yini biyu ana kamawa. Na kada mutum biyar, Gado ya kada biyar, saura gurbi guda, ƙuri'a ta haɗa mu. Baba Nomau ya ja mu bayan rumfar masu sayar da fura.

"Kun jiya," in ji shi. "Ɗayanku za shi tahi. Ni na so Gado, don shi ag gaba."

Gado ya kurkure baki ya tofar. "Baba, ni na tahi Tawa sau huɗu, na san tuwonsu. Bari Iro shi gano ma idonai. Baɗi ina nan."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata." Ya juyo ya daki ƙeyata. "Kai kuma ka sauke ni sannu, ni da nauyi. Kak ka ɓata min walki."

Na yi dariya na ce, "Kamar ƙwai, Yaya."

Muna shiga fili wani makaɗi na mutanen Tsarnawa, wanda na kada masa ɗan kokawarsa da safe, ya canja kiɗa. Ya riƙa zagayawa yana rera wa, wai ga Iro za shi Tawa a goye, a nemo masa zane mai ƙarfi. Gefen ƴan Tsarnawa duka ya ɗauka. Mata masu tallan gyaɗa ma suna dariya. Wani ya kunce rawaninsa ya jefo cikin fili wai a goya ni da shi. Wannan tsokana ce da ake yi wa kowa, an yi wa Gado ita a zamaninsa, ya yi murmushi ya wuce. Ni ina da shekara ashirin da uku, kunnena ya yi zafi.

Muka kama. Gado ya ja ni hagu, ya ja ni dama, ya yi kamar zai taɗe ni, duk don a ga an yi wani abu. Sai na ji ƙarfinsa ya sauka daga hannuwansa, ya matso da ƙafar dama gaba ya bar mini ita. Har ya ce a kunnena, "Bisimilla." Na nutsa na kama cinyar kamar yadda ya koya mini. A nan ya kamata in durƙusa da shi. Ban durƙusa ba. Na miƙe da shi har sama da kaina, na juya shi, na maka shi da ƙasa da dukan ƙarfina. Bai naɗe hannu ba, bai sunkuyar da haɓa ba, don bai san za a jefa shi ba. A kan kafaɗar dama ya sauka. Na ji ƙarar a ƙirjina kafin in ji ta a kunne.

Fili ya tashi da ihu, mutane suka keto igiya. Na sunkuya kamar zan ɗaga shi. Bai yi kuka ba. Ya dube ni, fuskarsa duk yashi, ya ce a hankali, "Iro, ba haka munka yi ba."

Sai mutane suka ɗauke ni a kafaɗa. Can gefe wani ma'aikacin radiyo ya miƙo mini abin magana ya ce ana raɗe-raɗin wai da saki za a yi. Ga dama ta samu in faɗi gaskiya tun da zafinta. Na ce, "Babu wani saki. Kowa ya shigo da ƙarhinai, Allah ya ba ni." An sa maganar a radiyo da yamma, aka maimaita da safe, har garinmu aka ji.

An kai Gado wurin wani mai ɗori. Ƙashin ya haɗu, amma a karkace, hannun bai ƙara wuce tsayin ƙirjinsa ba. Kwana uku bayan nan na je filin Baba Nomau da walkina. Yana zaune a bakin danga yana gyaran igiyar guga. Bai ɗago kai ba.

"Walki naka ne, kai kas saye shi," in ji shi. "Hili nau ne. Tahi."

Iyakar abin da ya ce ke nan, har ya koma ga Allah bai ƙara mini ko kalma a kai ba, bai kuma gaya wa kowa ba. Gado ma haka. Mutanen gari da ba su san ciki ba suka riƙa cewa ƙarfinsa ne ya ƙare, ƙanensa ya ɗauke shi kamar damin kara. Makaɗa suka daina kiran kututturen gawo.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mafi muni da na yi. A Tawa aka tara mu horo kafin gasar kokawa ta ƙasa baki ɗaya. Ƴan kallo ana iya ruɗarsu, amma ƴan kokawa sun san yadda sakakken jiki ke faɗuwa. Ba wanda ya zage ni. Sai dai in mai horarwa ya ce a kama bibbiyu a yi gwaji, kowa ya sami abokinsa, ni in tsaya. Na taɓa kama hannun wani ɗan Madawa, ya zare ya ce, "Yi haƙuri, ɗan uwa, ni ina son ƙashina." Aka cika mini buhu da yashi, da shi na yi gwaji har muka tashi. Buhu ba ya janye ƙafa, ba ya juya ƙugu. Ranar farko ta kokawar ƙasa aka haɗa ni da wani da bai kai ni jiki ba. Na nutsa wa cinyarsa, ya zare ta, ya danna ƙeyata, na ci yashi da baki. Tawa ɗin da na karya ɗan uwana don in wakilta, ban yi minti guda ina kama mata ba.

Da damina ta faɗi, Gado bai iya riƙe hauya ba. Gari ya yi masa gayya, aka nome masa gona yini guda. Ina jin gangar gayyar daga gonarmu, ban je ba. Na gaya wa kaina in na je za a ce na amsa laifi. Da yamma na haɗu da matarsa Hajo a hanya ta kwaso ƙoren da aka kai wa manoma abinci. Na rasa inda zan kauce. Ta tsaya ta dube ni tun daga sama har ƙasa ta ce, "Sannu da hutawa, sarkin ƙarhi." Ta wuce. Kafin kaka na kwashe kayana na koma Ƙonni da zama.

Na ƙara shekara tara ina kamawa. Baƙi da ba su san labarin ba suka riƙa tsaya mini gwaji, hannuna ya dawo. Sau uku aka sake ɗaukata Tawa, sau ɗaya na kai yini na huɗu ban faɗi ba, na dawo da babur. Duk inda na shiga, kirarina guda ne: Iro da ya tumɓuke gawo. Ina ji, ina ɗaga hannu, ina rawa a kai. Daga baya gwiwata ta hagu ta lalace, na ajiye walki, na koma lodin albasa, da yamma kuma ina horar da samari a wani fili bayan tasha.

Da Baba Nomau ya rasu na je gaisuwa, na zauna can ƙarshen tabarma. Gado ne ke zagayawa da ruwa. Ya tsufa fiye da shekarunsa, noma ya gagare shi, da tufkar igiya yake ci da iyali. Da ya zo kaina ya miƙo mini moɗa da hannun hagu, ya ce, "Ka yi haƙuri da hagu, Iro." Na karɓa na sha. Ko a ranar ban nemi gafararsa ba.

Kakar da ta wuce ne abin ya kama ni. An yi tacewa a Ƙonni, ƙuri'a ta haɗa biyu daga cikin nawa, Sanusi da Bashar. Na ja su gefe kamar yadda aka taɓa ja na, na ce Bashar zai saki, Sanusi ya wuce, don shi ya fi shiri. Bashar ya girgiza kai.

"Maigida, ni ba ni saki."

"Ba kunya ba ce. Al'ada ce, tun kahin a haihe ka."

"Al'adar tsohhi," in ji shi. "Kai da kanka da kah haɗu da Gado, ka tsaya jiran a ba ka? Ka ɗauke shi ka maka. Mu labarin da munka taso da shi ke nan. Awa kai muka so mu zama."

Sanusi ya ce, "Ni ma ba ni son kyauta. A bar mu."

Suka shiga suka yi ta gaske, ƴan gida ɗaya, masu ci a kwano ɗaya, har Sanusi ya fita da gurɗe a wuyan hannu, Bashar da ya wuce ɗin ma bai iya zuwa Tawa da ƙarfinsa ba. A nan na gane ƙaryata ba a kafaɗar Gado kaɗai ta tsaya ba. Ta zama darasi, ni ne kuma malaminta.

Juma'ar da ta zagayo na ce su biyun su hau babur su biyo ni, ban gaya musu dalili ba. Muka yi salla a garinmu. Bayan an sauko, dattawa suka koma inuwar bedi a ƙofar mai gari kamar yadda suka saba. Gado yana cikinsu, ya maƙale bakin igiya a babban yatsan ƙafa yana tufka, gwiwar hannunsa manne da haƙarƙari. Na tuɓe takalmi na durƙusa gabansa.

"A'a, mutanen Ƙonni," in ji shi. "Igiya kaka so? Ta jaki ko ta guga?"

"Yaya, magana nit taho da ita."

"To, hwaɗi."

Na sunkuyar da kai, murya can ƙasa, na ce ranar nan saki ne ya yi mini, ni na ci amana, ya yafe mini. Bai daina tufka ba. Ya ƙara sili biyu na kaba, ya murza a cinya, sannan ya ce:

"Iro, ni ina wurin. Ba ni ne ban sani ba." Ya nuna dattawan da haɓa. "Da kay yi waccan maganar, gari bakwai sunka jiya. Wagga kuma ni ɗai kaka raɗa ma? Ga Malam Isa nan kunnenai ya yi nauyi. Ɗaga murya."

Na miƙe tsaye. Masu fitowa daga masallaci suka tsaya. Na hango Hajo a bakin zaure da tabarma a hannu. Sanusi da Bashar suna tsaye bayana. Na ɗaga murya yadda ban taɓa ɗaga ta a kirari ba, na ce:

"Jama'a, ku saurara. Ban taɓa kada Gado ba. Ranar Ƙonni saki yay yi min, gaban Baba Nomau munka shirya, shi da bakinai ya bar min gurbinai. Ya buɗe min ƙahwa bisa amana, ni kuma nid ɗauke shi nik karya shi don wani makaɗi ya yi min dariya. Abin da nih hwaɗi ga radiyo ƙarya ne. Na ci sunanai shekara ashirin da biyu, na bar shi da hannu guda, gayyar gonatai ma ban zo ba. Har yau babu ɗan kokawar da yak kai bayan Gado ƙasa. Yaya, ba ni da abin da zan maida maka hannunka da shi. Na zalunce ka, na zalunci Hajo da ɗiyanku. Don Allah ka gahwarta min."